Tsamiyar da Ke Ƙarƙashin Dam

A tashar 'yan acaɓa ta Karaye ba mai kiransa Aƙilu. Mai Jirgi ake ce masa, ko da yake babur yake hawa, kuma hanyarsa ta kullum daga Karaye ce zuwa Rogo, wani lokaci ya zarce Beli in an samu mai kaya. Fasinjojin da suka saba da shi sun san halinsa guda: in hira ta biyo ta kan dam, sai ya ƙara wuta.

Shi ne ɗan fari a wurin Inna Mero. Kamar yadda aka saba, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, kuma bai daɗe da yaye ba kawunsa ya ɗauke shi zuwa Yauri. A can ya tashi, a bakin kogi. Da kwashe ruwa daga cikin kwalekwale ya fara, ya koyi tuƙi da gora, har ya kai ga riƙe inji. Da ya yi ƙarfi sai ya sayi jirgin faiba mai siririn baki, ya ɗaura masa babban inji, irin wanda in an sake shi hancin jirgi ke ɗagawa sama, ruwa ya rabe biyu a baya. Masu gaggawa shi suke nema: mai naƙuda da za a kai asibiti, dillalin kifi da ke tsoron kayansa su lalace. Aƙilu ba mai surutu ba ne, amma in ya riƙe hannun injin nan har waƙa yake yi.

Da rashin tsaro ya fara kashe kasuwannin bakin kogi, matarsa Rekiya ta ce ita fa ta gaji da zaman jiran tsammani. Ya yarda su tashi. Abin tambaya shi ne ina, domin jirgi irin nasa ba kowane ruwa ke ɗaukarsa ba.

Kawunsa ya koya masa yadda ake zaɓen ruwa. Ana duba tsawonsa, ko inji zai samu filin buɗe murya. Ana duba ko da kasuwa a gaɓa biyu. Amma babban abu, ba a yanke wa ruwa hukunci da kaka, lokacin da ya cika ya rufe aibinsa. Da bazara ake zuwa, in ya ja baya ya nuna abin da ke cikinsa. Haka ya yi wa dam ɗin Tiga. Wani abokinsa ya samo masa gurbi a can, ya je da tsakiyar zafi, ya zaga, ya zura gora, ya gamsu.

Yana cikin shirin tashi ƙanensa Lukumanu ya kira shi. Lukumanu mai gyaran waya ne a kasuwar Karaye, shi ke zaune da Inna tun rasuwar mahaifinsu.

"Yaya, wai da gaske Tiga za ka? Ga ruwa a ƙofar gidanku, za ka je kana haya a garin mutane?"

"Ruwan naku na kamun tarwaɗa ne, yaro."

"Wallahi ba ka gan shi ba ne. Bari in turo maka bidiyo. Ranar kasuwa mutane sai su wuni suna jiran kwalekwale. In ka zo da wannan dodon naka, kai ne sarki."

"Da bazara fa? Ya yake?"

"Kamar yadda ka gan shi. Ko gora biyu ka haɗa ba za ka taɓa ƙasa ba."

Aƙilu ya zo da kaka, ana tsaka da cirar gyaɗa. Ruwan ya cika har bakin gonaki, shimfiɗe kamar faranti, iyakar ganinka. Ya ce zai je ya gai da Sarkin Ruwa, domin baƙo ba ya sa jirgi a ruwan mutane bai ji daga bakin masunta ba. Lukumanu ya ce ai ya riga ya kai masa goro a madadinsa, kuma tsohon ba ya jin daɗi, kada a dame shi.

Da yamma ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna. Ya san ƙauyensu na asali yana ƙarƙashin wannan ruwa, daga can aka taso su lokacin da aka tare kogin. In akwai wanda ya san ƙasan dam, ita ce.

"Inna, ina so in dawo da jirgina nan. Ya kika ga ruwan?"

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, ta juya wajen Lukumanu.

"Ka ce masa ruwa dai ga shi nan."

Ya ɗauki wannan a matsayin albarka. Ya kira abokinsa na Tiga ya ba shi haƙuri, ya sayar da ɗan gidansa na Yauri, aka ɗora jirgi a babbar mota. A karon farko a rayuwarsa ya zaɓi ruwa bai ga bazararsa ba, domin ƙanensa ne ya faɗa, kuma uwarsa na zaune.

Watannin farko sun yi daɗi. Tsallaken da kwalekwale ke cinye rabin safiya, shi kafin mace ta gama gyara goyonta ya kai. Matan ƙauyuka suna ihu suna dariya, suna riƙe da kallabi. Masunta kuwa kallo kawai suke yi. Wani ya taɓa ce masa, "Sha iskarka, Mai Jirgi, kafin zafi ya zo." Da ya gaya wa Lukumanu, sai ya ce hassada ce kawai.

Ana cikin sanyi Lukumanu ya ce ya samu ɗan aiki a Abuja, zai je ya dawo. Rekiya ce ta leƙa ɗakinsa bayan ya tafi.

"Maigida, mai zuwa ya dawo yana tafiya da katifa?"

"Ke dai kin cika sa ido."

"Har ƙusar da yake rataya riga ya cire."

Zafi ya shigo, ruwa ya fara ja. Aƙilu ya lura da wasu baƙaƙen abubuwa suna leƙowa can gefe, ya ɗauka na bakin gaɓa ne kawai, ya riƙa bin tsakiya. Wata ranar kasuwa da hantsi ya ɗauko mata da kwandunan tumatir da wani dattijo mai akuya. Yana tsakiyar ruwa, inda ya fi amincewa, ya saki inji. Sai ya ji ƙara kamar an sari ƙarfe da gatari. Jirgin ya yi tsalle ya karkata, tumatir ya watse a ruwa, mata suna salati. Allah ya tsare, ba wanda ya faɗa. Da ya ɗago injin, farfela ta tafi, ƙafar injin ta tsage.

Wani masunci ne ya ɗaure jirgin a bayan kwalekwalensa ya ja su a hankali. Suna tafe Aƙilu yana kallon ƙasa. Ruwan ya yi garau, sai ga rassa a ƙarƙashinsu, manya, tsirara, bishiya bayan bishiya.

"Daji ne a ƙasan nan," in ji masuncin. "Da bazara ko mu da gora muke lallaɓawa. Ai mun faɗa wa ƙanenka tun kafin ka zo. Sarkin Ruwa da kansa ya kira shi. Ƙanen naka ya ce kai gwani ne, ka san da su."

A tsakar gida ya zauna yana ba Rekiya labari, yana kwatanta mata wurin: daidai inda ake hango dutsen nan mai kama da turmi. Inna tana ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Sai aka ji muryarta, a hankali, wajen Rekiya ta nufa.

"Tsamiyar bakin kasuwar tsohon ƙauyenmu ce. Daga ita sai ɗorawoyin gidan Malam Salisu, a jere. In ya yi gabas kuma rimi ne."

Aƙilu ya juyo. Ya daɗe yana kallonta, abin da bai taɓa yi ba.

"Inna, kin san suna nan?"

"Ki ce masa ba a sare su ba. A tsaye ruwa ya same su."

"Na durƙusa a nan na tambaye ki."

Hannunta ya tsaya a cikin waken.

Ya fita waje ya kira Lukumanu. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Gora biyu, ko?"

Ƙarar motoci ta fara shigowa ta wayar. Sannan Lukumanu ya ce, "Yaya, tun ina sakandare nake ɗauke da gidan nan. Ni ne asibiti, ni ne gona, ni ne cefane. Kai kana can kana tsere da iska, ka zo da Sallah da atamfa a yi ta sa maka albarka. In ka tafi Inna takan kwana uku ba ta cin abinci, kuma ba za ta iya buɗe baki ta ce ka dawo ba."

"Da ka ce min in zo saboda ita."

"Da ka zo ka yi mako ka koma. Ƙarya na yi?"

"Da mutane a jirgin, Lukumanu. Da mata."

Aƙilu ya kashe wayar. Har yau in sunan Lukumanu ya fito a kan allon, kallonsa yake yi har ya ɗauke.

Gurbin Tiga an ba wani. Ko da gurbin yana nan, ba shi da wanda zai bar wa Inna. Ya kife jirgin a bayan gida a kan tayoyi, kaji suna kwana a ƙarƙashinsa, ya karɓi babur. Kullum da safe yana durƙusawa a ƙofar Inna ya gaishe ta yadda ya kamata, ya ajiye mata kokonta da ƙosai, ya kai ta asibitin Karaye in ƙafarta ta tashi. Bai ƙara tambayarta komai ba.

Injin kuwa ya gyara shi. Har daga Yauri aka aiko masa da farfela. Masu saye sun zo daga Tiga, ya ce ba na sayarwa ba ne. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya cika duro da ruwan rijiya, ya rataya injin a bakinsa, ya ja igiya. Wai don kada ya yi tsatsa. Ƙara ta cika unguwa, ruwan duron ya yi ta tafasa yana fantsama a rigarsa. Yana tsaye, hannunsa a kan maƙurar, ya ɗan murɗa, ya ɗan murɗa, ba ya waƙa. Inna takan shige ɗaki ta saki labule har ya kashe.