Ranar da Muka Biya Kuɗin Hoton Kan Baba

Babana mai walda ne. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da sandar walda, in kana neman rigarsa da tartsatsi bai huda ba sai dai guda ɗaya, wadda yake ajiye wa zuwa unguwa. Rumfarsu tana bakin titi, fallen kwano huɗu a kan ƙafafun ƙarfe, tsakanin mai faci da wata mata mai sayar da fenti. Ƙasan wurin baƙi ƙirin, in ka taka da silifa ka ji ɓarɓashi yana ƙaras-ƙaras. Gado, taga, get, kujerar makaranta, duk abin da aka kawo yi yake. Kuma bai cika ɗaukar tef ɗin awo ba. Tsayawa yake daga nesa ya kanne ido ya ce, "Wannan ya karkace da kaurin farce." A auna, a ga haka ne. Idon nan shi ne jarinsa, shi ya ciyar da mu mu biyar.

Abokin aikinsa Dogo ne, mu Baba Dogo muke ce masa. Ba su haɗa jini ba, amma inji ɗaya suke ja tun kafin a haife ni. In ka ji su da safe sai ka rantse dambe za a yi.

"Kai Dogo, wannan walda ce ko kashin awaki ka jera?"

"Tsoho, ka ƙyale ni. Tun safe nake kallon fuskarka, dole hannuna ya yi rawa."

Suna sa baƙin gilashi in za su kunna wuta, amma in yankan ƙarfe ne ko gogewa sai su ture shi goshi, wai yana hana su ganin layi. Saboda haka ɓarɓashi shiga ido yake kamar yadda ƙaya take shiga ƙafar manomi. Suna da maganinsu. Akwai wani maganaɗisu da Baba Dogo ya ciro daga tsohuwar lasifika, yana manne a jikin ƙafar rumfa. In abu ya faɗa wa Baba a ido sai ya zauna a kan galan, ya ɗaga kai, Baba Dogo ya buɗe fatar idon da yatsa biyu, ya kawo maganaɗisun kusa, a hankali, har baƙin abin ya yi tsalle ya manne. Ya nuna masa a kan farce. "Ga ɓarawonka." A wanke da ruwa, a koma aiki. Na gani da idona ya fi sau ashirin ina kai musu abinci, kuma dariya nake yi.

Bara ciwon kai ya kama Baba. Ba irin na rana ɗaya ba. Daga ƙeya yake tasowa ya naɗe kan kamar an ɗaura waya ana murɗawa. Ƙwaya biyu da safe, biyu da rana, biyu da yamma, har mai kemis ya daina tambayarsa me yake so. Wata na farko ya ɓoye. Na biyu Umma ta gane, don ta ga mutumin da ba ya barin loma yana ture kwano. A na huɗu sai ya kasance yana tsakiyar aiki ya ajiye sanda, ya zauna ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Wani mai gini ya zo ya kwashe tagoginsa goma sha biyu ya kai wani wuri. Ranar Baba ya dawo gida da azahar. Ban taɓa ganin inuwarsa a tsakar gida a wannan lokacin ba.

Ni yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "Uwata, ni ba mutuwa nake tsoro ba, wannan ai dole ce. Zaman gida nake tsoro. A duba kan nan, a gyara abin da ya kwance, in koma rumfa."

Muka je asibitin gwamnati. Likitan mutumin kirki ne, ya auna jini, ya haska ido, ya sa shi ya taɓa hanci da yatsa. Ya ce bai ga abin tashin hankali ba, amma ciwon wata huɗu a mutum mai shekara hamsin da bakwai, gara a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Muka je ɗakin hoto, aka ba mu rana. Wata huɗu nan gaba. Na ce wa matar da ke wurin ko kuskure ta yi? Ta ce ba kuskure, layi ne, in muna da hali akwai na kuɗi a gari, yau ka biya gobe a yi.

Hali. Kalmar nan da sauƙin faɗa take.

Akwai get da Baba ya yi wa gidanmu da hannunsa, shekara biyu yana tara ƙarfensa, da zanen ganye a sama, masu wucewa har tsayawa suke su tambayi wa ya yi. Da safe na fito na tarar shi da Baba Dogo suna kwance shi daga bango, za a kai a sayar. Umma tana tsaye da tsintsiya tana kallonsu.

Baba ya ce mata, "Ke, mai yin get ai ba ya rasa get. In na warke sati biyu ne."

Baba Dogo ya cika sauran kuɗin hoton daga aljihunsa, ya ce in Baba ya ƙara yi masa godiya zai fasa masa kan da kansa a huta da hoton.

Wurin hoton na kuɗi kamar ba asibiti ba. Sanyi, tayil mai ƙyalli, talabijin a bango, ba mai yi maka tsawa. Baba ya sa rigar nan tasa ta unguwa, ya goge hannu da sabulu har sau uku, ya ce kar a gan mu a raina mu. In ka gan shi sai ka ce malamin makaranta ne ya yi ritaya.

Budurwar da ke kan tebur ta duba takardar likita ta ce na'ura biyu gare su, kuma takardar ta yarda da kowacce. Akwai ƙarama, minti biyar an gama. Akwai babba mai maganaɗisu, ta fi tsada nesa, amma ta fi nuna komai dalla-dalla.

Na ce, "Baba, mu yi ƙaramar mana, a rage wani abu na magani."

Ya kalle ni kamar na ce ya yi walda da ashana. "Uwata, in za ka yi aiki, yi da babban inji. Ƙaramin inji sau biyu yake sa ka aiki. Tunda da kuɗinmu muka zo, a ba mu babbar."

Sai aka ba ni fom in cike masa, don shi karatunsa bai wuce lambobin awo ba. Tambayoyi ne jere, e ko a'a. An taɓa yi maka aiki a zuciya? A'a. Akwai ƙarfe a ƙashinka? A'a. Haƙorin ƙarfe? Ya buɗe baki ya nuna mini, muka yi dariya. Sai na zo kan wata.

"Baba, wai ƙarfe ya taɓa shiga idonka?"

"Wanne daga ciki?" Ya yi dariya har da buga cinya. "Duk wanda ya shiga Dogo ya cire shi. Hannun Dogo ba ya barin komai. Sa a'a, kar su ce sai mun ƙara wani gwajin, su mai da mu gobe."

Ba ƙarya yake ba, ku fahimce ni. A wurinsa abin da aka cire aka nuna maka a kan farce ya fita daga lissafi. Ni ma haka na taso na gani. Wayata tana hannuna, ni da nake bincika ko farashin man shafawa ne, ban tsaya na tambayi dalilin da ya sa suke son sani ba. Na sa a'a. Da hannuna na dama.

Ma'aikacin na'urar ya zo ya karɓe agogo, makulli, zobe, 'yan canjin aljihu. Ya sake tambaya, "Baba, ba wani ƙarfe a jiki ko?" Baba ya ce babu. Ya ce masa na'urar tana da ƙara, kar ya ji tsoro, ga 'yar roba a hannu ya matsa in akwai damuwa, amma don Allah kar ya motsa, in ya motsa hoton ya lalace sai an sake daga farko.

Baba ya ce, "Ƙara? Yaro, a cikin ƙara aka haife ni."

Ya ɗaga mini hannu, ƙofa ta rufe.

Ko minti shida ba a yi ba na ga ma'aikacin ya fito daga ɗakinsa da sauri ya shiga. Hoton farko da ya fito masa, wajen idon hagu baƙi ne, kamar an zuba tawada. Da ganin haka ya san ƙarfe ne. Da aka jawo Baba, idon ya yi jajir, hawaye na bin kunnensa, robar tana hannunsa bai matsa ba.

Ma'aikacin ya ce, "Baba, ba ka ji komai ba?"

"Na ji. Tun ana tura ni ciki na ji an ja, na ga walƙiya."

"To me ya sa ba ka matsa ba?"

"Kai ka ce kar in motsa."

Wallahi da kunnena na ji. Mutumin da ya saba ido na yi masa zafi ya ci gaba da aiki, shekara talatin. Ya ɗauka irin wancan ne, a daure a gama a wanke da ruwa. Ga kuma get ɗin gidansa da ya kwanta a kan gadon nan tare da shi, ina zai bari hoto ya lalace?

Likitan ido ya yi mana bayani washegari. Wani ɗan tsini ne, bai kai ƙwayar gero ba, ya huda ya shige can ciki tun shekaru, nama ya rufe shi ya yi shiru. Irinsa maganaɗisun lasifika ba ya kai wa gare shi. Na na'urar kuwa ya kai. Ya juya shi, ya yaga bayan idon, jini ya cika. Aka yi aiki aka ciro shi, aka ba mu a cikin 'yar kwalba. Ganin bai dawo ba. Haske da duhu kawai yake bambancewa.

Kan kuma? Daga baya an ɗauka da ƙaramar na'urar. Tas. Ba ƙari, ba jini, ba komai. Ƙashin wuyansa ne ya gaji da sunkuyo, sannan ƙwayoyin da yake sha shida a rana su suke dawo da ciwon da zarar sun sake shi. Aka hana shi su, aka koya masa motsa wuya, aka canza masa matashi. Sati uku ciwon kai ya tafi kamar ba a yi ba. Kar wanda ya zo mini da "ai Allah ya sa ba ƙari ba ne." Na sani. Mun gode masa. Amma ku bar ni in ji abin da nake ji.

Na durƙusa gabansa na ce ni na sa a'a. Ya ce, "Ni na ce ki sa. Tashi, kina ɓata mini tabarma." Sannan ya tara mu, ni da Umma da ƙannena, ya ce magana ɗaya zai yi. Duk wanda ya gaya wa Dogo cewa tsohon ƙarfe ne ya rage a idon, bai yafe ba. "Mutumin nan shekara talatin yana buɗe mini ido da hannunsa. In ya ji, ba zai ƙara barci ba. Ku ce ciwon kan ne ya sauko."

Sati biyu da cire bandeji ya ce rumfa zai je. Umma ta yi magana, ya ce ai dalilin duk wannan wahalar ke nan, kai ya warke, me zai zauna yi? Na bi shi.

Mai faci ya taso da ihu, mai fenti ta kawo kujera. Baba Dogo bai ko ɗago ba, ya ce, "Tsoho, an gama hutun? Na ɗauka sun buɗe kan sun ga ba kowa a ciki."

"Sun ga hotonka a ciki, suka ce shi ne ciwon."

Aka yi dariya. Akwai ƙafar gado a kan teburin aiki, an ɗaure ta tana jiran wuta. Baba ya sa gilashi, ya ɗauki sanda, ya sunkuya. Ya kai hannu, sandar ta sauka gefe, ta ƙona ƙarfen da ba ruwansa. Ya ɗaga, ya gyara tsayuwa, ya sake. Wannan karon bai kai ba, a iska ya tsaya yana jiran tartsatsi. Na uku ta manne, ya fizge ta da ƙarfi har gadon ya motsa. Da ido ɗaya ba ya gane nisa. Likita ya faɗa, mu ne ba mu so ji ba. Ya ma ce in ɗayan ya samu matsala shi ke nan.

Mai faci ya koma kan tayarsa kamar an kira shi.

Baba Dogo ya je ya daddaɓa injin, ya murɗa wani abu da ba ya bukatar murɗawa. Ya ce, "Wutar ce ba ƙarfi yau. Tun safe take yi mini haka."

Baba ya ce, "E, na ji ta. Wutar ce."

"Likitocin me suka ce ya taɓa idon?"

"Ciwon kan ne ya sauko."

Baba Dogo ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon ƙasa. Baba ya cire gilashin, ya goge shi da bakin riga, ya miƙa masa tare da sandar. "Riƙe mini. Kar ka jera wa mutane kashin awaki, sunana ne a kan rumfar nan."

Muka fito. Muka zo bakin titi. Motoci na wucewa, ya tsaya, ya juya kai gaba ɗaya yana neman abin da ke tahowa, ya sake juyawa. Sai ya laluba ya kama hannuna.

Ya ce, "Uwata, dawo ta hagu."