Yamusa da Riƙon Yusra

Yamusa mai gyaran janareto ne a kasuwar Gudu. Mutumin Malumfashi ne, ya shigo Abuja a shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula, lokacin da duk inda ka waiga gini ake yi, kowane shago kuma da ɗan janaretonsa yana ruri a bakin ƙofa. Aiki bai taɓa yanke masa ba. Da ya ga ya zauna da gindinsa, ya kama ciki da falo a Jiwa, ya ɗauko matarsa Hajjo daga gida.

Allah bai ba su haihuwa ba. Hajjo tana aikin shara da wanki a wani gidan marayu, a can ta shaƙu da wata jaririya da aka tsinta a tashar mota, aka raɗa mata Yusra. Kullum ta dawo ba ta da zance sai nata: yau ta fara rarrafe, yau ta ƙi karɓar koko a hannun kowa sai nata. Daga ƙarshe suka je ofishin walwalar jama'a suka nemi riƙo. Aka zo aka duba ɗakinsu, aka tambayi mai unguwa halinsu, aka ba su yarinyar na wucin gadi, aka ce su je kotu a tabbatar. Yau da gobe, ba su je ba. Yarinya dai tana gida tana girma, me ya rage?

Yusra tana aji biyu a firamare Hajjo ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba.

Bayan sadakar arba'in Madam Kiristina ta zo. Ita ce jami'ar da ke leƙo su tun farko, mace mai fara'a, Hausarta irin ta Abuja, ba ruwanta da bambance namiji da mace. Ta yi gaisuwa, ta sha ruwa, ta aiki Yusra sayen biskit, sannan ta gyara zama.

"Oga Yamusa, akwai magana. Ka san an yi sabon doka na yara. Namiji shi kaɗai, ba a ba shi riƙon yarinya mace sai da babban dalili. Alƙali ne zai duba."

"Madam, ni ne fa ubanta. Ba ta san wani Baba ba sai ni."

"Na sani. Ni ba na so in ɗauke shi daga nan. Amma ba ni zan yanke ba."

"In alƙalin ya ƙi fa?"

Ta shiga neman wani abu a jakarta.

Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa Yamusa. In farar mota mai lambar gwamnati ta shigo layinsu sai ya miƙe ya leƙa ta taga. A kasuwa ya mayar da kabureta a juye, mai janareto ya dawo yana masifa. Kafin azahar sai ya rufe rumfa ya kama hanyar Jiwa, ya tsaya a ƙofar makaranta tun ba a tashi ba, don kada wani ya riga shi zuwa.

Surajo, Bakano mai sayar da kayan gyara kusa da rumfarsa, ya ce, "Malam Yamusa, ka yi aure kawai. Akwai bazawara a unguwarmu, ko jibi a ɗaura." Yamusa ya ce ƙasar kabarin Hajjo ko bushewa ba ta yi ba. Surajo ya ce, "To ka kai ta Malumfashi. Wa zai bi ka can?"

Ya je wa limamin unguwa yana sa ran a ba shi gaskiya. Liman ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Ladanka yana wurin Allah. Amma ka tuna Hajjo ba ta shayar da ita ba, ba muharramarka ba ce. Yanzu yarinya ce, gobe ba yarinya ba ce. Gidan yana son mace." Wannan ta fi masa zafi a kan maganar Madam Kiristina.

Wata Asabar da safe ya cusa kayan Yusra a buhu, ya riƙe hannunta sai tashar Zuba. Har sun zauna a motar Katsina, ana jiran ta cika, ta ɗago ta dube shi.

"Baba, yaushe za mu dawo? Ran Litinin ni ce zan ja addu'a a layin makaranta."

Ya tuna yadda ake kama mutane a hanya da zargin satar yara. In ɗan sanda ya tsayar da su ya ce wace ce wannan, me zai nuna? Ko kama ba su yi ba. Ita fara ce siririya, shi baƙi ne kakkaura. Ya ce wa kwandasta a sauke masa buhunsa.

A shagon kiran waya na bakin tasha ya nemi yayarsa Husaina. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana Malumfashi cikin jikokinta tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ya kwashe komai ya gaya mata, ya roƙe ta ta zo ta zauna da su.

"Ni Abujar nan taku ba ta yi mini ba," in ji ta. "Garin da maƙwabci bai san maƙwabci ba."

"Yaya, za su mayar da ita gidan marayu."

Can ta ce, "Bari in sallami gyaɗar mutane tukuna."

Husaina ta iso Abuja. Ranar kotu ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya wanke hannu da omo har fata ta yi ja, baƙin mai bai fita daga ƙarƙashin farcensa ba. Alƙaliyar mace ce, ba ta ɗaga murya. Ta tambaye shi sana'arsa da wanda ke yi wa yarinya wanka da kitso. Ya ce wanka ita take yi da kanta, kitso matar maƙwabci. Sai aka shiga da Yusra wani ɗaki ita da Madam Kiristina, aka bar shi a benci yana kallon ƙofa. Husaina tana jan carbi, shi ko addu'ar ta kasa zama a bakinsa.

Har yau bai san abin da Yusra ta faɗa ba. Hukunci dai ya fito: riƙo da sunan Husaina, muddin tana zaune a gidan, ci da sutura da makaranta a wuyan Yamusa, ofis zai ci gaba da leƙowa. Ya yi godiya har ƙasa. Sai a mota ya lura cewa babu inda aka kira shi uba.

Haka suke zaune. Husaina ta karɓi uwar ɗaki ita da Yusra, shi yana kwana a falo. Ta kafa kaskon ƙuli-ƙuli a ƙofar gida, matan layi sun san ta, amma ba ta daina ƙorafi ba. Da hadari ya fara haɗuwa sai ta soma zancen gonarta, in ta ji jika ya yi zazzaɓi a gida ta ce gobe-gobe za ta tafi. Ga ciwon ƙafa, ga hawan jini. In ta yi tari da asuba Yamusa sai ya tashi zaune ya kasa kunne.

Yusra ta shiga aji shida bana. Kwanan baya Madam Kiristina ta zo sallama, an yi mata canjin wurin aiki, ta ce wani ne zai riƙa zuwa. Yamusa ya raka ta har bakin titi yana tambaya: namiji ne ko mace, yana jin Hausa, ya san Hajjo? Ta ce ita ma ba ta gan shi ba tukuna.