Siket ɗin da Ya Yi wa Auta Yawa

Shekara ashirin da biyu Goggo Tela ta yi tana ɗinka kayan makaranta a ɗan shagonta na bakin layi, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Kekenta na ƙafa ne, tef kuma kullum yana rataye a wuyanta ko abinci take ci. Taƙamarta ɗaya ce: ba a taɓa dawo mata da ɗinki saboda awo ba.

Ranar wata Talata sai ga ƙanwarta da siket a leda, 'yarta Auta mai shekara bakwai na biye da ita, rungume da gorar ruwa.

"Yaya, yau dai an kama ki," in ji ƙanwar tana dariya. "Siket ɗin da kika ɗinka wa Auta zamewa yake yi."

"Ni? Zo nan, Auta."

Ta zagaya tef a ƙugun yarinyar, ta sake zagayawa. Inci biyu sun tafi cikin wata guda. Kafin ta gama, Auta ta shanye gorar, ta zaga bayi, ta dawo tana neman ƙari.

"Ba ta cin abinci ne?"

"Ci? Ai ta fi babanta. Ga fitsarin kwance da ta daina tuntuni ya dawo."

Goggo ta tuna wani abu. Akwai wata nas da take yi wa ɗinki, wadda ta taɓa ba ta labarin yaran da ake kawowa a galabaice da ciwon sukari, iyaye na zaton zafi ne ke sa su shan ruwa. Ta miƙe ta ja ƙofar shago da rana tsaka.

"Haba Yaya, sukari ai na tsofaffi ne."

"To mu je likita ya ƙaryata ni."

Bai ƙaryata ta ba. Aka ɗan soki yatsar Auta, na'ura ta nuna sukari ya hau sosai. Likita ya ce sun zo a kan kari, da an ƙara 'yan kwanaki sai dai a kawo ta ranga-ranga.

Kwana huɗu suka yi a asibiti ana koya musu allurar insulin. Uwar ta kasa, Goggo kuwa ta karɓa tana cewa, "Ni da allura tun ba a haife ki ba, Auta."

"Wannan ba a sa mata zare, Goggo," in ji yarinyar. Ɗakin duka ya kwashe da dariya.

Da suka koma gida, Goggo ta ɗinka mata 'yar jaka mai aljihu uku: na na'urar gwaji, na allura, da na alewa don lokacin da sukari ya faɗi. Iyayen da ke haɗuwa da su a asibiti suka gani suka ce su ma a ɗinka wa 'ya'yansu, yanzu jaka goma sha ɗaya ke yawo a makarantu daban-daban, kowace da kalarta.

Auta ta shiga shekara tara. Ita ke gwada kanta kafin karin kumallo, ita ta zaunar da malamarta ta yi mata bayanin abin da za a yi in ta fara rawar jiki da gumi. Makon jiya ta zo ta biyu a tseren ajinsu, ta wuni tana mita wai takalmi ne ya cuce ta.