Allura Goma Sha Takwas, Ban da Bille

Gorton, Manchester

Na fito daga flat ɗina ranar Asabar ƙarfe biyar da rabi, gari bai waye ba, ga yayyafin nan na Manchester mai kama da tofi. Tun da na san za ku tambaya, gara ku ji daga bakina: Birmingham na nufa, wajen wata 'yar China mai soka wa mutane allura a fuska don su rage tsufa. Ku yi dariyarku. Shekarata hamsin da uku.

Shekara goma sha ɗaya rabona da gida, kuma saura wata guda in je in ga Inna. Duk tsawon lokacin nan abin da take ji daga bakina shi ne "lafiya lau, aiki sai godiya." Ba ta san council, wato hukumar gari, sun rufe laburaren da nake gadi ba, wai gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Ba ta san yanzu kwali nake ɗauka a wani sito ba, ranar da suka ga dama su kira ni. Ana nan sai ƙanwata Ladidi ta kira ni ta bidiyo, ta ce, "Yaya Sale, kai ne haka? Wallahi ka fi Kawu Ado tsufa." Idon Inna ya yi yana, dishi-dishi take gani, amma uwa uwa ce. Ba na so tsohuwa ta karanta wahala a fuskata, ta tafi kabari da ita.

Na je wajen GP, likitan unguwa, tukuna. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce tsufa ba ciwo ba ne. Na gode masa da wannan ilimi.

A mota

Bas ta ɗauke ni daga Hyde Road zuwa cikin gari. Babbar motar Birmingham ta tashi bakwai saura kwata, fam tara na biya. Direban wani jibgegen Bature ne, ya duba tikitina ya ce, "Yawon shaƙatawa?" Na ce masa asibiti. Bai ƙara ba.

Akwai masu wannan sana'a a Manchester, unguwa guda ma ta 'yan China gare mu. To amma in ɗaya daga cikin 'yan bokon nan namu masu digirgir ya hango ni ina shiga shagon gyaran fuska, kafin Juma'a labari ya isa Kano. Shi ya sa na zaɓi mil tamanin da wani abu. A babbar hanyar M6 aikin hanya ya riƙe mu minti arba'in. Na ci burodi da dafaffen ƙwai biyu da na taho da su, don shayin tasha ma sai mai hali.

Small Heath, Birmingham

Mun sauka tashar Digbeth goma saura minti biyar. Habu, ɗan garinmu mai tuƙa tasi a can, yana jirana. Tare muka yi firamare, tare muka bar ta, amma yau in ka gan mu ka ce ɗana ne.

"Tsoho mai ran ƙarfe!" in ji shi. "Wa ya tattake maka fuska haka?"

"Gwamnatinku."

"Taku dai. Ni na zaɓe ta?"

Ya kai ni gidansa a bayan Coventry Road, irin jerin gidajen nan da in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu. Matarsa ta kawo waina da miyar taushe, alayyafon kanti ne amma ta yi ƙoƙari. Habu ya ce ciwon wuya ne ya fara kai shi wajen matar, daga baya ta koma kan fuska. Na ce, "Kai dai ka ji kunya, jikan maharba." Ya ce, "To ɗan wanzami, me ya kawo ka?"

Balsall Heath

Sha biyu daidai muka isa. Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai nama da mai gyaran waya, yana warin saiwoyi kamar rumfar 'yar mai ganye. Matar ana ce mata Madam Lin, ta ba sittin baya, guntuwa, ba ta da fara'a. Nan take ta kwanta min a rai.

Ta ce in zaro harshe. Ta riƙe tsintsiyar hannuna da yatsu uku, dama da hagu, ta daɗe. Ta tambayi barcina, cin abincina, har bayan gida. Ta ce a wajensu fuska allon ciki ce, abin da ke damun ciki shi ke rubuta kansa a waje, kuma ni damuwa ta cinye ni. Na ce wannan ko makaho ya sani. Ta ce zama goma ake yi kafin a ga wani abu, kuma ba ta yi min alkawarin komawa saurayi ba. Zaman farko fam talatin da biyar.

Ta nuna min ƙoƙunan gilashi da take kafa wa mutane a baya. Na ce, "Ƙaho ke nan. Ubana da ƙahon sa yake yi, ya tsotsa da bakinsa." Karon farko ta dube ni kamar mutum.

Na kwanta. Ta fara da ƙafa da hannu, sannan goshi, tsakanin gira, gefen ido, haɓa. Alluran siraran gaske ne, cizon sauro ya fi su zafi. Ina ƙirgawa, na kai sha takwas. Sai na ji yatsanta ya tsaya a kuncina na hagu, ya bi layin da ya taso daga gindin hanci ya gangara.

"Wannan tabon ya yi zurfi," in ji ta. "Wuƙa ce? Zan jera masa allura a gefe da gefe. A hankali zai yi laushi, ya dushe."

Na riƙe hannunta. "Kar ki taɓa."

Habu daga kan kujera ya fashe da dariya. "Madam, hatimin kamfani ne!"

Bille ne. Babana, Malam, ya yi min shi da askarsa ranar sunana, kamar yadda ya yi wa duk 'ya'yansa maza. Yanzu tsufa ya haƙa rami kusa da shi har sun haɗe, shi ya sa ta ɗauka duk ɓarna ɗaya ce. Ina kwance da allura a goshi na tuna abin da Ladidi ta ba ni labari: da yayanmu ya dawo daga Libiya bayan shekara shida, Inna ba ta yarda shi ne ba sai da ta laluba kuncinsa da babban yatsa, ta ce, "Aikin Malam ne," sannan ta yi kuka. Wato na biya kuɗin mota na zo a goge min abin da za ta gane ni da shi.

Na yi wa Madam Lin bayani da guntun Turancina. Ta sake bin layin da yatsa, a hankali wannan karon. Ta ce, "Hannunsa bai yi rawa ba." Ta mayar da allurarta cikin faranti.

Minti ashirin da biyar na yi a kwance, har barci ya ɗauke ni, abin da na daɗe ban samu ba. Da ta cire, na duba madubi. Fuskar ta ɗan saki, ta yi sheƙi, amma Kawu Ado yana nan. Ta ce yaushe zan dawo. Na ce sai na yi shawara. Ta gane.

Komawa

Mun yi azahar a wani masallaci kusa da Ladypool Road, Habu ya sauke ni Digbeth, motar uku da rabi. Hanya ta yi kyau, shida da kwata ina Manchester, bakwai saura ina ɗakina.

Ban cire takalmi ba na kira Ladidi, na ce ta sa wa Inna waya a kunne. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, aikin nan na laburare, shekara uku ke nan da rufe shi. Dako nake yi."

Ta ce, "Na sani, Salele. Tun ranar da ka fara ce min 'sai godiya' sau biyu a waya ɗaya. Kai dai ka taho min da kuncinka."

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Habu da mai ɗakinsa, da Madam Lin da ta san inda ake tsayawa. Allah Ya jiƙan Malam, aikinsa yana nan yadda ya bar shi.