Kunnen Ɗan Tozo

Matata Hansai mai saƙa ce. Wanda ya zauna a Sabon Garin Wudil, ko bai san fuskarta ba, ya taɓa ganin aikinta a hannun wani yaro. Da kwarashi da ulu take yi. Ta fara da hulunan jarirai da safa kamar kowa, daga baya ta koma dabbobin wasa: zomo, rago, agwagwa, raƙumi mai dogon wuya. Ɗaliban jami'a mata sukan zo saye. Wasu su ce a bar musu ba ido, don ba sa son abu mai fuska a ɗakin da suke salla, sai ta bar musu haka.

Ni sunana Sabo. Igiya nake tufkawa ina kaiwa kara, kasuwar dabbobi, ranar Juma'a, masu shanu su saya. Karatuna bai wuce na allo da ɗan yaƙi da jahilci ba. Abin da na gani a tsakar gidana shi nake rubutawa.

Hansai ba ta taɓa saƙa daga takarda ba. In za ta fito da sabuwar dabba, sai ta tsaya a soro tana leƙen garken da ake korawa kasuwa. Takan ce kowace dabba ƙwarya ce da rake: ciki ƙwarya biyu aka kifa, ƙafafu rake, kai ɗan ƙoƙo. Daga ɗan zobe take farawa, tana zagayawa tana ƙarawa har ya buɗe, sannan ta riƙa ragewa har ya rufe. Tana matse saƙar ƙwarai, kada audugar rimi ta leƙo. Ba ta sa maɓalli a ido, ta ce yaro haɗiyewa zai yi, da baƙin zare take ɗinkawa.

'Yarmu ta fari ita ce Rahinatu. Hansai irin mutanen da ce wajen kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, sai dai "yarinyar nan". Ba ta zama kusa da ita, ba ta kallonta kai tsaye ko da su biyu ne a gida. 'Ya'yan maƙwabta duk ta kama hannunsu ta koya musu saƙa, amma ban da tata. Rahinatu daga ƙofar madafi ta koya, tana zaune tana fuskantar uwarta daga nesa, tana kwaikwayo.

Zazzaɓi ya ɗauke Rahinatu a farkon daminar nan, Allah ya jiƙanta. Ta bar 'ya guda, Khaulat, ba ta cika shekara huɗu ba. Uban yarinyar, Magaji, direban motar shanu ne, kullum yana hanyar Kudu, sai ya kawo mana ita. Ta zo rungume da wani farin maraƙi mai jan tozo wanda uwarta ta saƙa mata. Ɗan Tozo take ce masa. Ba ta barci sai tana murza kunnensa da babban yatsa. Ba ta cin abinci sai an fara kai cokali bakinsa.

Wata Juma'a gwaggonta Suwaiba ta ɗauke ta za su wuni. A kan gada adaidaitarsu ta kauce wa shanu, ta yi tsalle, maraƙin ya suɓuce ya faɗa kogi. Ruwa ya cika lokacin. Na bi gaɓa ina tambayar masunta, babu wanda ya gan shi.

Daga ranar Khaulat ta rufe bakinta. Ba kuka ma take yi ba. Sai ta kurɓi ruwa ta juya fuska bango. Aka kai ta asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa, likita ya ce bai ga ciwo a jikinta ba, amma dole ta ci, in ba haka ba jikin ba zai ɗauka ba. Muka karɓo rubutu, ta sha, abinci dai a'a. Wuyanta ya fito. Abin hannun da uwarta ta sa mata ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Hansai ta ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Maraƙi ne fa. Na saƙa raƙumi, balle maraƙi?"

Ta zauna ta saƙa shi, fari tas, da jan tozo. Maƙwabciyarmu Asabe ta shigo ta ɗaga shi tana juyawa.

"Kai, Yaya Hansai! Wannan ai in Malam ya kai shi kara, dillalai sai sun taya."

Na ɗauka na durƙusa gaban yarinyar. "Amaryata, ga Ɗan Tozo ya fito daga wanka."

Ta miƙo hannu, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta lalubo kunnen, ta murza sau ɗaya, ta ture shi.

"Ba shi ba ne."

Hansai ta ce tozon ne ya yi girma. Ta sake wani. Aka ture. Ta ce audugar ce ta yi tauri, ta rage. Aka ture. Ta wanke wani ta shanya, ta birkiɗa shi a ƙasa don ya yi kama da tsoho. Shi ma kunne kawai yarinyar ta taɓa. Maruƙa suka taru a kan tabarma kamar garke, ita kuwa Khaulat ta daina ko tashi zaune. Magaji yana bugo waya daga hanya yana tambaya ta ci?

Wata rana da hantsi Hansai ta kwance ƙunshin kayan marigayiya, tana neman ko akwai ragowar ulun da aka yi na farko da shi. Wata 'yar hula da Rahinatu ta saƙa ta faɗo kusa da Khaulat. Sai muka ga yatsanta ya hau bakin hular yana murzawa, a hankali, yadda take yi wa kunnen.

Da barci ya ɗauke ta na zare hular, na ɗauko maraƙi guda, na fita haske. Ni ban san saƙa ba, amma na san igiya. Igiyar da bahago ya tufka, murɗinta ba ya kwanciya inda na sauran mutane yake kwanciya, ko ido a rufe hannu zai gaya maka. Na shafa hular, na shafa maraƙin. Saƙar ɗaya ta karkata nan, ta ɗaya ta karkata can.

Na ce, "Hansai, da hagu yarinyar nan take saƙa."

"Wace irin hagu? Tun tana ƙarama aka raba ta da hagu. Da dama take cin tuwo."

"Tuwo kam da dama. Amma ki tuna inda take zama. Tana fuskantarki. Hannun da ta ga yana motsi a gabanta, shi ta ɗaga. Ni na sha satar kallonta daga soro."

Ta karɓi hular ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ce, da ƙyar nake jin muryar, "Ni fa ban taɓa kallon hannunta ba, Malam."

Muka shiga neman bahaguwa mai saƙa. Asabe ta zagaye unguwa, ta aika har garin Indabo wajen 'yan'uwanta. Ta dawo tana haki.

"Yaya, duk wadda na tambaya sai ta ɓoye hannunta a zani kamar na ce ta yi sata. Wata cewa ta yi, bahaguwa a gidansu? Allah ya kiyaye!"

Hansai ta gwada juya saƙarta ciki waje. Ba ɗaya ba ne, bayan saƙa daban yake a hannu. Yarinyar ta ture.

Sai ta mayar da kwarashi hannun hagu. Matar da ta tsufa tana saƙa ba ta ko duba hannunta, na ga ta koma kamar ranar farko. Ulu ya suɓuce, kwarashi ya soki yatsa, zoben farko ya ƙi ɗauruwa. Ga sanyin ƙashi ya kumbura mata gaɓoɓi. Ta saƙa ta warware, ta saƙa ta warware. Sau da yawa hannun daman yakan ƙwace aikin ba ta sani ba, sai ta buge shi kamar tana bugun yaro. Ta daina girki, Asabe ke miƙo mana ta katanga.

Na dubi Khaulat, na dubi ɗan abin da aka saƙa, bai kai bakin ludayi ba. Na ce, "Ba za ta jira ki gama maraƙi ba."

"Na sani," in ji ta. "Kunne nake yi."

Bayan la'asar ta gama shi. A karkace yake, wani wuri a matse wani a sake, wanda in wata ce ta kawo mata shi, cewa za ta yi a warware. Ta ɗauko maraƙi guda daga garken, ta yanke kunnensa mai kyau, ta ɗinka wannan. Ba ta ba ni ba wannan karon. Da kanta ta je ta zauna kan tabarmar, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, ta sa mata kunnen a hannu.

Yatsan ya murza. Ya tsaya. Ya sake murzawa. Ni ina tsaye da kofin kunu.

Khaulat ta buɗe ido. "Inna, Ummata ce ta yi?"

Hansai ta shafa kan yarinyar. Ta ce, "Irin saƙar Rahinatu ce."

Ranar na fara jin sunan a bakinta.

Na kai cokali bakin maraƙin. Sannan na kai bakin yarinyar. Ta buɗe. Kaɗan ta sha, ta juya kai, kuma rabin abin da ta sha ya dawo. Amma ba ta saki kunnen ba, da magariba kuma ta karɓi wani.

Har yanzu ba ta tashi da ƙafarta ba. Likita ya ce a ci gaba da lallaɓawa. Ɗaya kunnen kuwa ba ta yarda yatsanta ya taɓa shi. Yanzu haka Hansai tana bakin madafi, inda Rahinatu take zama, da kwarashi a hagu, tana fama da na biyun.