Kwaɗon da Na Garƙama wa Bayi

Wata tara ban ce uffan a shafin nan ba. Kun yi naku surutun, yau ku ba ni wuri.

Ni ce Rifkatu mai ɗinki ta Kakuri, wadda kuka mayar abin hira bayan sujada a coci.

Ina da ciki wata shida abin ya fara. Ƙaiƙayi a gabana, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa, suka fashe suka zama gyambo. In zan yi fitsari sai na ciji bakin zani.

Mai kemis ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Madam, cutar bayi ce." Ya ƙulla mini ƙwayoyi a leda.

Gidan haya muke, ɗaki shida, bayi biyu. Na dawo na wanke maƙwabciyata Maman Bulus tas, na ce ƙazantarta ce ta ja mini. Na sayo kwaɗo na garƙame bayi ɗaya.

Ƙurajen suka tafi. Bayan sati biyar suka dawo.

Ranar awo na cire kunya na faɗa wa likita. Ta dangwali ruwan ƙurjin da auduga aka kai gwaji. Kuɗinsa ya cinye ɗinkin sati biyu. Kwana biyar ina jira, abinci ba ya shiga.

"Herpes ne," in ji ta. "Ba a ɗaukarsa a bayi, sai jiki ya haɗu da jiki. Yana iya kwanciya shekaru shiru, don haka kada ki je ki shaƙe mijinki, ba a san wa ya kawo ba. Ba ya fita gaba ɗaya, amma magani na kwantar da shi. In naƙuda ta same ki da ƙuraje, aiki za mu yi miki, don yana iya kashe jariri."

Tsoro ya sa na faɗa wa shugabar zumuntar matan cocinmu, ita kaɗai, don ta taya ni addu'a. Ranar Laraba a taron zumunta ta miƙe ta ce, "Mu tuna da 'yar'uwarmu mai ɗinki, tana fama da ciwon da ba a faɗa." Tela nawa gare ku a zumunta? Kafin Lahadi kun mayar da shi ƙanjamau. Masu kawo ɗinki suka kwashe yadinsu. Wannan ce addu'arku? Tir!

Ina shan magani kullum, amma naƙuda ta zo da rana tsaka, ga ƙuraje biyu. Mijina Danjuma yana wurin aiki a Rido. Maman Bulus ce ta ji nishina, ta taro Keke ta kai ni asibiti.

Danjuma ya iso da uwarsa. Ga takardar amincewa a yi mini aiki a hannunsa, uwar tasa na cewa, "Ba mai yanka mini suruka. Ta haihu da kanta kamar matan Ibraniyawa na Littafi Mai Tsarki."

Maman Bulus ta ce, "Danjuma, sa hannu. In yaron nan ya mutu, matan Ibraniyawa ba za su zo taya ka haƙa kabari ba."

Ya sa.

Aka ciro jaririya, mace ce, lafiya lau, ko ƙurji ɗaya babu. Ni ma wata biyar ke nan ciwon bai tashi ba.

Na gode wa Ubangiji, na gode wa likitata, na gode wa Danjuma da bai tuhume ni ba, ni ma ban tuhume shi ba.

Mata, in kin ga ƙuraje, je asibiti tun suna ɗanye, lokacin ne gwaji ya fi kama shi. In sun fito, ku dakata da kwanciya. In kina da ciki, faɗa wa mai awo, ba shugabar zumunta ba.

Ku masu tambayar inda na samo sunan yarinya tunda babu Saratu a danginmu: sunan Maman Bulus ne. Kwaɗon kuwa da hannuna na cire shi, tana tsaye, na durƙusa na roƙe ta gafara.