Telan da Ya Koya wa Kwamfuta Waƙar Uwarsa

Andrawus tela ne a kasuwar Jalingo, amma a unguwarsu ta Kachalla Sembe ba da ɗinki aka san shi ba. Wando dai yana ɗinkawa, wani sa'in ma ƙafafun su zo daidai. Abin da ya sa ake rusuna masa shi ne maƙogwaronsa. Shi ke jan waƙa a cocinsu, kuma kowace shekara ranar godiyar kaka, in an shigo da doya da dawa an jera a gaba, shi ke miƙewa ya ja waƙar da uwarsa ta ƙaga a ƙauyensu na wajen Sunkani. Jama'a amshi kawai suka sani. Jan waƙar kuwa, mai tsawo da hawa da sauka, a bakinsa kaɗai ya rage tun da tsohuwar ta rasu. An sha ce masa ya ɗauka a kaset, ko ya koya wa wani. Sai ya yi dariya ya ce ina gaggawa.

A 1996 muryar ta fara dishewa. Ya sha zuma, ya tauna citta, duk wanda ya faɗi magani ya gwada. Da likita ya leƙa maƙogwaron sai ya ce magana ma a rage, waƙa kuwa an yi sallama da ita. Andrawus ya zaunar da 'yarsa Victoria, matar aure mai murya kamar ta kakarta, don ya koya mata. Abin da ke fita daga bakinsa iska ce da gurnani. Ta saurara har ta gaji, ta ce, "Baba, yi haƙuri, ban gane inda waƙan yake tafiya ba." Ranar tsoro ya shige shi sosai, don ya ga waƙar uwarsa za ta mutu a cikinsa, shi kuma yana raye yana kallo.

Lokacin ofisoshin sabuwar jiha na neman waɗanda suka san kwamfuta, sai wani Malam Elvis ya buɗe makarantar koyonta a wani shago a unguwar Sarkin Dawaki. Ya kira Andrawus ya ɗinka wa injinan kwamfutarsa biyu rigunan kare ƙura. Yana cikin awo da tef, Elvis ya danna wani abu, injin ya rera wata 'yar waƙa da siririyar murya irin ta gyare. Andrawus ya tsaya da tef a hannu.

"Kaset ne a ciki?" ya tambaya da ragowar muryarsa.

"Ba kaset, Baba. Ni na rubuta masa, sauti ɗaya bayan ɗaya."

"Kowane waƙa zai yi?"

"Kowane waƙa, in dai ka iya gaya masa."

Haka tela mai furfura, wanda rabonsa da aji tun firamare, ya zauna a benci cikin 'yan sakandare masu neman aikin ofis, ana koya musu yaren kwamfuta da ake kira Besik. Ya sha wuya. Tela da ido yake aiki, ya ƙara yatsa biyu a kafaɗa ya ce zai yi. Wannan injin bai san "zai yi" ba. Kowane layi da lambarsa, kowane umarni da wurinsa, in ka kuskure ɗigo ɗaya ya tsaya ya zuba maka ido. Yawancin karatun a allo ake yi, kuma in layi ya zo kansa ya zauna gaban injin yana neman haruffa da yatsa ɗaya, sau da yawa sai a ɗauke wuta, abin da ya rubuta ya bi iska. 'Yan ajin suka sa masa suna Injiniya. A kasuwa kuwa masu ɗinki suka riƙa zuwa suna tarar da shago a kulle, suka kwashe yadinsu suka kai wa maƙwabcinsa. Yana sane, yana jin zafin abin, bai fasa ba.

Ga yadda yake yi: ya yi gurnanin sauti ɗaya a maƙogwaro, sannan ya riƙa canza lamba har ƙarar injin ta dace da gurnanin, ya wuce zuwa na gaba. Inda ya fi ba shi wahala shi ne inda muryar uwarsa ke sulalewa sama a hankali, don injin tsalle yake yi daga sauti zuwa sauti. Elvis ya nuna masa yadda ake umartarsa ya maimaita abu guda, kowane zagaye ya ƙara kaɗan. Wannan kam ya shiga kansa nan take, ai haka keken ɗinki ke cin yadi. Ranar da injin ya sulale sama ba tsalle, Andrawus ya kifa kai a kan tebur, Elvis ya yi kamar bai gani ba. Daga nan sai gyara. Ya saurari waƙar a bakin injin ba iyaka, watanni, har 'yan ajin suka haddace ta suna rera ta da fito.

Da kaka ta matso ya kawo Victoria shagon. Ta bi injin har ta riƙe waƙar tsaf. Ranar godiya ta miƙe ta ja, jama'a suka amsa, mata suka yi guɗa, maza suka riƙa dafa kafaɗar Andrawus suna cewa ya yi ƙoƙari.

A ƙofar coci ya tarar da Mama Jummai, ƙawar uwarsa tun suna 'yan mata, zaune a kan dakali da sandarta. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ɗana, sannu da aiki," ta ce. "Waƙan uwarka ne, na gane shi. Amma me ya sa ya sunkuya? Wurin nan da ake kiran ruwan sama, uwarka hawa take yi har ka ji tsigar jikinka ta tashi. Yarinyan ta tsaya a rabin hanya."

Sai a lokacin ya gane. Da maƙogwaron da ya mutu ya auna sautin, inda gurnaninsa ya tsaya nan ya tsayar da injin.

"Mama, har ina take hawa? Nuna mini, gobe in gyara lamban."

"Ni? Ban taɓa iya waƙa ba, ɗana, kunne kawai gare ni. Ai kai ka sani."

Ya rufe ido a nan durƙushe, ya koma ƙauye, ya nemi uwarsa a bakin turmi tana jan waƙar. Ya ga zanenta, ya ga hannunta a kan taɓarya, ya ga bakinta yana motsi. Ya kasa kunne da kyau don ya ji inda take hawa. Muryar gyaren nan ta injin ce ke fitowa daga bakin nata, kuma a rabin hanya ta tsaya.